Tsintsiyar da Ta Share Burtalin Baba

Da aka dawo daga kai Baba makwancinsa, tabarmin ƙofar gida ba su ishi jama'a ba, sai da aka aro na masallaci. Mu mata muna cikin gida, muna jin tsayuwar babura da gaisuwar maza ta kan katanga. Ni matar babban ɗansa ce, saboda haka aikina a kwanakin makoki shi ne ɗebo ruwa, da gyara wa baƙi wurin zama, da amsa "ya haƙuri" har muryata ta dushe. Ban taɓa kiran sunan Baba yana raye ba, ba kuma zan fara ba don ƙasa ta rufe idonsa. Wanda ya san shi tsakanin Boɗinga da Shagari zai gane shi. Wanda bai san shi ba, dominsa na zauna rubutun nan.

Matan rugage daga wajen Kajiji suka shigo a jere da ƙoren nono a ka, kamar yadda suka saba zuwa gidan. Sai da suka sauke suka tuna mai fara ɗanɗanawa ya yi musu tsiyar sun zuba ruwa ba ya nan. Babbarsu ta zauna gaban Inna, uwar mijina, ta kama ƙafarta.

"Saniyata ta wahala da naƙuda har mun hidda rai," ta ce. "Shi yat taho bisa keke cikin ruwan sama, yas sa hannu har kahwaɗa, shina yi mata magana awa mutum. Nonon ga na jikanyar saniyar nan na."

Inna ta gyaɗa kai kawai, carbinta bai tsaya ba.

Gwaggo, yayar Baba, wadda aka ɗauko daga Sifawa tun da safe, ita kukanta da faɗa yake fita. "Waya ta," take ta faɗa wa duk wanda ya durƙusa gabanta. "Waya ta tac cinye mai idanu. Tsoho da jikoki, ya zamna shina shafa gilashi awa yaro. Na hwaɗa mai, bai ji ba."

A waje kuma, maigidana ya ce wani tsohon arɗo da aka kawo bisa babur ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, "Yau anka bizne burtali." Wasu suka ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ni da maganar ta iso kunnena, sai na zaga bayan ɗaki na yi kukan da ban samu sararin yi ba tun safe.

An yabi Baba da shekarun da ya yi yana malamin dabbobi har ya yi ritaya. An yabe shi da sahun farko a masallaci, da sasanta manoma da makiyaya ba tare da an kai ga hukuma ba. Amma duk cikin waɗanda suka zauna bisa tabarmin nan babu wanda ya ambaci aikin da ya ƙarar da sauran ganinsa a kai. Masu ambaton wannan suna cikin wayata, mutanen Kano da Damagaram da Jos waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Abin da suke ta rubutowa shi ne, "Allah ya jiƙan Malam mai ciyawa."

Akwai wani kundin sani na Hausa a intanet, irin wanda ake kira wiki. Kowa na iya shiga ya rubuta shafi a kan abin da ya sani, ko ya gyara na wani, kuma aikin sa kai ne. Baba ya faɗa cikinsa ne bayan ritaya, da 'yarsa ta kawo masa babbar waya. Wata rana ya rubuta "burgu", yana nufin ciyawar fadama da shanu ke so, sai wayar ta kawo masa hoton burgu ɗan'uwan gafiya. Inna ta ce ya yi dariya har da tari, daga baya kuma ya ɓata rai. Kafin la'asar ya gano inda ake dannawa a rubuta sabon shafi.

Daga nan ya samu wurin zuwa. Da hantsi yakan fita da ƙafa ya tsinko ciyawar da zai yi rubutu a kanta, ya dawo gindin dogon yaron ƙofar gida, ya ɗora ta a gwiwa, ya gyara tabarau ɗinsa mai ɗaure da zare. Da yatsa guda yake rubutu, kuma ba ya danna harafi sai ya faɗe shi a baki. Ya rubuta gamba da kyasuwa da harkiya da tofa. Ya rubuta ire-iren shanu, bokolo da rahaji, da cututtukan da ke kama su da yadda makiyaya ke gane su tun kafin dabba ta kwanta. In aka ce ya huta, sai ya ce, "Abin da ba a sa ma suna ba, ba a jin ɓatanai."

Ni kuma ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Shagari, inda maigidana ke aikin asibiti. Ta tawa hanyar na shiga kundin, ban san Baba na ciki ba. Maigidana ne ya leƙa kwamfutata wata rana ya karanta layi biyu na wani shafi, ya ce, "Ke, ai wanga Baba na." Na roƙe shi kar ya faɗa masa ina wurin. Tsakanina da Baba akwai kunyar da kowa ya sani. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ba na cin abinci inda yake, kuma maganarmu ba ta wuce ta lafiyar yara.

Abin da ya haɗa mu rukuni ne. Kowane shafi a kundin ana sa shi cikin rukuni, kamar yadda mai kayan miya ke ware attarugu gefe, albasa gefe, don mai nema ya samu. To namu ya zama kasuwar da babu sarkin kasuwa. Garuruwan jiharmu kaɗai suna warwatse cikin rukunoni daban-daban, wani ya rubuta Sakkwato, wani Sokoto, wani ya ƙara "jihar" a gaba. Ga waɗanda aka buɗe aka manta babu ko shafi guda a ciki. Mu 'yan kaɗan ne masu aikin, hannu ba zai iya ba. Muka tattauna, muka yarda da ƙa'idoji, ni kuma na rubuta bot, wato ɗan shirin kwamfuta da ake ba umarni ya bi shafuka shi kaɗai yana gyara. Yana haɗe rukunonin da suka maimaita juna, yana mayar da ƙanana ƙwarai cikin manya, yana share waɗanda babu komai a ciki. Na sa masa suna Tsintsiya.

Baba kuwa ya riga ya kasa ciyayinsa yadda makiyayi ke kasa su. Akwai ciyawar fadama, akwai ta jigawa, akwai wadda shanu ke ci ɗanya, da wadda sai ta bushe, da wadda ake jinka da ita. Yawancinsu shafi ɗaya ko biyu ne a ciki. Ranar da na fara sakin Tsintsiya, ta kwashe su duka ta zuba cikin babban rukunin ciyayi. Washegari na tarar da saƙo a shafin tattaunawa, inda kowa ke gani.

"Assalamu alaikum. Na wa na abin ga da aka kira Tsintsiya? Na kwana da ɗakuna, na tashi da zaure guda. Wanda yah haɗa burgu da ƙarangiya ɗaki guda bai taɓa kiwon ko akuya ba."

Na zauna na amsa masa. Na ce, Malam, Allah ya ƙara girma, ƙa'idar da aka yarda da ita ke nan, rukuni mai shafi guda ba ya taimakon mai nema. Ya ce mai nema in makiyayi ne shi ya san abin da yake nema. Na ce ɗalibar da ba ta taɓa ganin fadama ba fa? Ya ce sai a kai ta. Muka yi makonni a haka, shi bai san da wa yake ja ba, ni kuma ina rubutu ina sunkuyar da kai kamar yana gabana. Da ya ga ba zan sauka ba, sai ya ce to, in shafuka ake so za a gan su. Ya shiga gonaki da fadamu da fushi, yana tsinko ciyawa yana rubutawa, har rukunoninsa suka cika ƙa'ida, Tsintsiya ta daina taɓa su. Mafi kyawun abin da Baba ya bari a kundin nan a cikin wannan fushin ya rubuta shi. Ni kuma a makonnin nan na yi magana da surukina fiye da duk wadda na yi da shi tun da aka kawo ni gidansu.

Asirina ya tonu ne da Babbar Sallah. Muna Boɗinga, an yanka rago, ina can gefen rijiya ina wankin kayan ciki. Baba na tsakar gida da 'ya'yansa maza, yana ba su labarin mai Tsintsiya.

"Wani yaro na mai taurin kai," yake cewa. "Ladabi gare shi, ba ni hana mai wannan. Amma in yak kahe, ko jaki albarka. Ina jin Bakano na."

Ashe maigidana bai iya riƙe magana gaban uwarsa ba. Inna na yankan albasa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Bakanon naka ga shi can bakin rijiya shina wankin hanji."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na ji kamar in bi guga in faɗa rijiyar. Baba ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya ce zai je masallaci, alhali ko kiran farko ba a yi ba. Da aka gasa hanta, sai ga Inna da kwano, ta ce Baba ya ce a kawo mini tsokar tsakiya. Bai taɓa yi mini maganar ido da ido ba. Amma bayan mun koma Shagari na tarar da sabon saƙo.

"Malama mai Tsintsiya, ki yi haƙuri da tsoho. Sai dai maganar ciyawar jigawa ban janye ta ba."

Daga nan muka zama abokan aiki, a shafi kawai. Shi ya lura cewa kwamfuta ba ta san jerin baƙaƙenmu ba. Duk sunan da ya fara da ɓ ko ɗ ko ƙ sai ta jefa shi can ƙasa, bayan z, kamar baƙo. "Ƙarangiya ita ka fara kama ƙahwar mutum in ya shiga daji," ya rubuto, "ƙaƙa za a aje ta ƙarshe?" Na koya wa Tsintsiya ta riƙa sa wa irin waɗannan shafuka alamar jeri, ɗ ta bi d, ƙ ta bi k. Ba ciyayi kaɗai suka amfana ba, har sunayen garuruwa da na mutane suka koma mazauninsu. Ranar da aikin ya kammala ya rubuto kalma biyu, "Ta iya." Ban san ko ni yake nufi ko Tsintsiya ba, ban kuma tambaya ba.

Sai maganar burtali ta zo. Baba ya san hanyoyin shanu na ƙasar nan kamar tafin hannunsa, don ya bi su da keke da ƙafa yana allurar rigakafi. Ya fara rubuta su ɗaya bayan ɗaya, daga inda kowanne ya taso, da rijiyar da ake shayarwa, da tsamiyar da ake hutawa, da inda gonaki suka matse shi har ya zama sai saniya guda ke iya wucewa. Ya buɗe musu rukuni nasu.

Amma kundin na da doka, wadda ni ma na yarda da ita. Duk abin da aka rubuta sai an nuna madogara, littafi ko jarida ko wani bincike da aka buga. Ciyawa da shanu ana samunsu a littattafai. Burtalin Baba babu wanda ya taɓa bugawa. Masu kula da kundin suka nemi madogara cikin ladabi.

"Ni na madogara," ya amsa. "Ƙahwata ta bi shi."

Suka ce sun yarda da gaskiyarsa, amma in an buɗe wannan ƙofa kowa zai shigo da abin da ya ga dama. Wani kuma ya kawo abin da ya fi wannan nauyi. Ya ce in aka rubuta cewa burtali ya bi ta inda yau gonar wani take, gobe wani zai ɗauki wayar ya je ya nuna, kuma mun san abin da irin wannan ke jawowa. Baba, wanda ya sha shiga tsakanin sanda da fartanya, bai ce ƙarya ne ba. Na tafi Sakkwato na bi ɗakunan karatu. Abin da na samu tsofaffin taswirori ne masu ɗigo-ɗigon layi, babu sunan rijiya, babu tsamiya. Aka cire shafukan ɗaya bayan ɗaya, har rukunin ya zama fanko.

Na san abin da Tsintsiya za ta yi in ta iso wurin. Na rubuta masa cewa ina iya ba ta umarni ta tsallake wannan rukunin, ya zauna ko da babu komai a ciki, ko Allah zai kawo madogara wata rana. Washegari ya amsa.

"Kak ki tsallake ma kowa, ko ni na," ya rubuto. "Ɗaki in babu kowa share shi aka yi. Garma ta riga ta cinye shi a ƙasa."

Na sake ta, ta share. Bai sake rubuta ko layi guda a kan burtali ba. Inna ta ce kwanakin nan yakan zauna gindin dogon yaro da wayar kife a cinya, har rana ta cim masa bai matsa ba.

A shekarar da ta biyo na haihu, yaron bai zo da rai ba. Ban iya ba da labarin wannan ba, ba kuma nasa ne wurin nan ba. Na dai daina zuwa makaranta, na daina buɗe kwamfuta, na daina fita tsakar gida sai dole. Baba ya zo da sauran dangi ya yi mini gaisuwa daga bakin ƙofa, ya koma. Watanni suka wuce. A kundin kuma akwai ƙa'idar cewa bot ɗin da ya daɗe ba ya aiki ana janye masa izini, aka kuma rubuta sanarwa a shafina. Ni ban gani ba. Baba ya gani.

Ya rubuta wa masu kula cewa mai Tsintsiya na cikin jarrabawa, shi zai riƙe mata in sun yarda. Suka yarda. Wata Asabar da hantsi sai na ji sallamarsa a zaurenmu a Shagari, ya hawo motar haya shi kaɗai. Ya ce wa maigidana ya ɗauko kwamfuta. Maigidana bai san kan abin ba, ya yi ta kai da kawowa tsakanin zaure da ɗakina da tambayoyi, yana juya amsoshin a hanya. Can sai na ji takun Baba ya matso har bayan labulena.

"Ɗiyata," ya ce, "wanga baƙin allo mai rubutun Nasara, mi aka hwaɗa mai shi tashi?"

Wannan ne karo na farko da ya tambaye ni wani abu da bakinsa wanda ba lafiyar yara ba. Na faɗa masa harafi bayan harafi ta bayan labule, yana maimaitawa yana dannawa. Ya yi kuskure, na gyara. Ya sake yi, na sake gyarawa. Da Asabar ta zagayo ya dawo, kuma duk abin da na koya masa ya ce ya manta. Mutumin da ya riƙe sunan kowace rijiya daga nan har Dandin Mahe, wai ya kasa riƙe layi guda. Haka ya yi ta zuwa, har ranar da na gaji da magana ta bayan labule na yafa mayafi na fito tsakar gida na karɓi kwamfutar. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce wa maigidana, "To, ni na gama nawa." Bai ƙara zuwa don wannan ba. Tsintsiyar da ta share masa burtali ita ya yi ta hawa mota yana zuwa tayarwa.

Idanunsa sun fara tafiya tun kafin nan. An yi masa aikin yanar ido a guda, ɗayan kuma likita ya ce jijiya ce, babu abin yi. Ya ƙara girman rubutun wayar har kalma biyu ke cika fuskarta. Daminar ƙarshe bai rubuta komai ba. Yakan dai aika a tsinko masa ciyawa, ya murza ta a yatsu, ya sansana, ya faɗi sunanta, ko da babu mai saurare. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ya cika bayan asuba, kansa bisa cinyar maigidana.

Ina so in ce aikinsa zai ɗore, irin abin da ake faɗa a ta'aziyya, amma ban ga alama ba. Cikin waɗanda muka fara tare, wasu sun samu aiki sun bari, wasu sun gaji. Sababbin da ke shigowa sun fi son shafukan 'yan ƙwallo da 'yan siyasa, inda madogara ke zube. An fara liƙa wa wasu shafukan ciyayin Baba alamar neman madogara. Waɗanda na samo musu littafi za su tsaya. Waɗanda sunansu na bakin makiyaya ne kawai, na san inda za su ƙare, na kuma san wadda za ta zo ta share ɗakin in sun fita. Shafukan burtalin da aka cire, wani mai kula ya tausaya ya turo mini su, suna cikin kwamfutata, ba ni da inda zan sa su. Na karanta wa ɗalibaina guda, suka saurara don ni malamarsu ce. Fadamar da yake tsinko burgu yanzu shinkafa ce da injinan ban ruwa. Arɗon da ya yi maganar nan ranar makoki, an ce 'ya'yansa sun kora shanun sun yi kudu. Tsintsiya kuwa lafiyarta lau. Kundin bai taɓa tsabta irin ta yanzu ba.

Makon jiya na je Boɗinga duba Inna, tana cikin takaba. Bayan la'asar muna zaune a ɗakinta, ta dube ni ta ce, "Abin ga da shika rubutawa, shina nan?"

Na ce wasu suna nan, Inna.

"Karanta min guda."

Na buɗe shafin burgu na fara. Ta saurara da ido rufe, har na kai tsakiya, sannan ta ɗaga hannu.

"Gaskiya ta," ta ce, "amma ba maganatai ba ta."

Ta yi daidai. Baba yadda yake magana haka yake rubutu, masu gyara kuma sun bi bayansa a hankali sun mayar da komai daidaitacciyar Hausa, kamar yadda doka ta ce. Sai na tuna kundin na ajiye tarihin kowane shafi. Na gangara har ƙasa, na buɗe rubutun farko na ranar da ya yi fushi da ɗan'uwan gafiya, na karanta mata yadda ya sa shi. "Burgu ciyawa ta, ba ɓera ba. Cikin ruwa taka tsira, kuma in saniya tas same ta da rani, ka ga nono." Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka yi ta motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ta ce in sake, na sake.

Da ta natsu ta ce, "To karanta min na burtalin da yab bi ta garinmu. Nan yaf fara ganina, ina ɗibar ruwa, ya taho yi ma shanun babana allura."

Na duba cikin waɗanda aka turo mini, na sake dubawa. Babu shi. Sai a lokacin na gane ya bar shi ne ya rubuta a ƙarshe, aka cire sauran kafin ya kai gare shi. Na faɗa mata gaskiya.

Ta ajiye carbinta. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ba komi. Ɗauki abin rubutunki, ni in hwaɗa miki."

Ta fara da kyau. Ta ce yana tasowa daga bakin gulbi, ya bi ta gefen wata tsohuwar maƙera, ya ratsa tsakanin kukoki biyu, ya sauka rijiyar farko, ta faɗi sunanta. Daga nan sai jigawa, sai rijiya ta biyu, wadda ita ce tasu. Nan ta tsaya. Ta motsa baki, ta dubi rufin ɗaki, ta ƙirga da yatsu kamar sunan na cikinsu. Na jira da alƙalami a hannu. Ta juya wajen ƙofa, inda yakan ajiye takalmansa, har ta buɗe baki za ta kira.

"Shi ka tuna min," ta ce.

Muka zauna a haka har aka kira magariba, sunan bai zo ba.

Ya Allah, ga bawanka ya iso gare ka, kai da ba ka neman madogara a kan abin da ƙafa ta taka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da dabbobin bayinka. Ka ba Inna haƙurin da mu ba mu da shi da za mu ba ta. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.